Ɗakin Babban Yatsa

A wani asibitin ƙashi na gwamnati da ke Arewa, idan ka wuce ɗakin ɗaukar hoto ka miƙe barandar da take kaiwa sashen gashi, za ka tarar da wani ɗaki a can ƙurya wanda galibin masu zirga-zirga a asibitin ba su san da zamansa ba. Ba wani babba ba ne. Tebur mai faɗi a tsakiya, kujeru biyu suna fuskantar juna, sai benci a jikin bango don masu jira. A kan teburin akwai almakasai manya da ƙanana, da fensir mai maiƙo, da tawul a ninke, da tarin fararen takardu. A kusurwa an ɗora wani kaskon lantarki mai murfi cike da ruwa, an tsoma ma'aunin zafi a ciki. Aikin ɗakin gaba ɗaya a kan wannan kaskon ya rataya. Da safe shi ake fara kunnawa, idan da wuta. Idan babu, ko dai a jira a tayar da inji, ko a aiki ɗalibi ya dafo ruwa a buta, a riƙa surkawa har ma'auni ya tsaya tsakanin digiri 60 da 70.

A nan ake ƙera abin da ma'aikatan suke kira sifilin, marasa lafiya kuwa roba kawai suke ce masa. Wani ɗan ƙoƙo ne mai tauri da ake tsarawa a jikin hannun mutum, ya riƙe gaɓar da ke ciwo ya hana ta motsi, sauran gaɓoɓin kuma ya ƙyale su su ci gaba da aikinsu. Ana yi wa wuyan hannu, ana yi wa sauran yatsu, amma na babban yatsa ne ya fi cinye lokacin mutanen ɗakin, kuma shi ne ya fi nuna gwanintar mai yinsa.

Ma'aikata uku ne: wata dattijuwa da ke shugabantar ɗakin, da matasa biyu a ƙarƙashinta, sai ɗalibai masu zuwa koyon aiki suna tafiya. Duk wanda ya shigo likita yake ce musu, sun kuma daina gyarawa. Aikinsu shi ne mayar da hannun da ya ji ciwo kan sana'arsa, kuma fanni ne da bai daɗe a duniya ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Amurka suka yi ta dawowa da hannuwa a ragargaje, rundunar ta ɗora wa wani likitan tiyata mai suna Sterling Bunnell alhakin tsara cibiyoyin kula da hannu a asibitocin soja. A can aka tabbatar da cewa ɗinkin likita rabin aiki ne: hannun da aka gyara aka bar shi a ɗaure yadda aka ga dama, sandarewa yake yi. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka sai a 1977 aka kafa ta. A Najeriya kuwa, hukumar da ke yi wa masu gashi da ire-iren waɗannan ma'aikata rajista, dokar soja ta 1988 ce ta samar da ita, kuma har yau ba su da yawa. Mutum yakan baro wata jihar tun asuba don a yi masa abin da bai fi tafin hannunsa girma ba.

Wanda bai taɓa ciwon babban yatsa ba zai iya ganin an cika wa abin gishiri. To, ya gwada mulmula lomar tuwo ba tare da shi ba, ko ɓalle maɓallin riga, ko jan carbi, ko ƙirga kuɗi, ko murɗa makulli. Masu ƙiyasta rauni a Amurka suna lissafa rasa babban yatsa a matsayin rasa kashi 40 cikin ɗari na amfanin hannu, sauran yatsu huɗu su raba abin da ya rage. Kowane yatsa ƙasusuwa uku gare shi, shi kuwa biyu, amma asirinsa yana gindinsa, can kusa da wuyan hannu, inda dogon ƙashinsa yake zaune a kan wani ɗan ƙaramin ƙashi kamar mahayi a kan sirdi. Yana iya zuwa gaba da baya, yana iya karkata dama da hagu, yana kuma iya juyowa ya fuskanci sauran yatsun ya taɓa kan kowanne. Wannan juyowar ita ce kamu. Duk robar da za a yi a ɗakin nan, abin da ake karewa ke nan.

*

Wata maijego ce ta fara zama a kujerar a safiyar da nake ba da labari. Yarinya ce ƙarama, ta zo da uwar mijinta wadda ke riƙe da jaririn. Takardar likitan da ya turo ta tana hannunta na hagu, na daman kuwa ta rungume shi a ƙirji.

"Sannu maijego, ya kwanan yaro? Watansa nawa?" in ji shugabar ɗakin.

"Ya shiga na uku, likita."

"Hajiya, ɗan miƙo mata shi. Ƙanwata, ɗauke shi yadda kika saba, in gani."

Ta zura hannuwa a hammatar yaron, manyan yatsunta a buɗe a ƙirjinsa, ta ɗaga. Kafin ya kai kafaɗarta ta cije leɓe. Shugabar ta karɓi yaron ta mayar wa kakarsa, sannan ta sa ta lanƙwasa babban yatsan cikin tafin hannu, ta rufe shi da sauran yatsun, ta karkata wuyan hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Maijego ta yi ƙara, ta fizge.

Ciwon sananne ne. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, shi ya bayyana shi a 1895, har yanzu ma sunansa ake kiransa da shi. Jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa da buɗe shi suna wucewa ta wata matsattsiyar hanya a gefen wuyan hannu. Idan aka yawaita aiki da su, rufin hanyar yakan yi kauri, jijiyoyin su riƙa gogawa duk lokacin da yatsan ya motsa. Masu jego suna cikin waɗanda suka fi kamuwa da shi, kuma a wajenmu ba abin mamaki ba ne ya taso bayan arba'in, lokacin da masu taya zaman jego suka watse, aikin gida ya dawo wa mace gaba ɗaya: ɗaukar yaro da sauke shi wuni guda, matse wanki, jan guga, tuƙin tuwo. A gida sai a ce sanyin jego ne, ko ba ta yi wanka da kyau ba. Ana yin allura a wurin, kuma tana aiki sosai. Idan ya ƙi, akwai ƙaramar tiyata da ake buɗe hanyar. Amma sau da yawa da hutu ake farawa, ko a haɗa shi da allurar, hutun kuwa shi ne aikin robar.

Ga yadda aka yi ta. An shimfiɗa hannun a kan farar takarda, aka zana shi da fensir tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu. Aka ɗiga alama a daidai layin wuyan hannu, da layin da ya ratsa tafin hannu a ƙasan yatsu, da gaɓar ƙarshe ta babban yatsa. Daga waɗannan alamomi aka fitar da siffa, aka yanke takardar, aka naɗa ta a hannun don a ga inda ta yi yawa da inda ta gaza. Shugabar ta fi daɗewa a kan takarda fiye da kan robar kanta, domin takarda ba ta da tsada. Sai da ta gamsu sannan ta ɗauko fallen roba fari mai 'yan ƙananan huji, kaurinsa milimita 3.2, ta ɗora takardar a can gefe inda ba za a yi asarar ko'ina ba, ta zana, ta yanke, ta tsoma a kasko.

Minti ɗaya zuwa biyu ya isa ya yi laushi. Ta tsamo shi da faffaɗan cokali, ta shimfiɗa a tawul ta tsane ruwan, ta gyara bakinsa da almakashi tun yana da ɗumi, dogon yanka ba tsinke-tsinke ba, don kada baki ya yi kaifi. Ta ɗora a fatar hannunta ta ji zafin. Sannan ta ce wa maijego ta kafa gwiwar hannu a tebur, hannun a tsaye, wuyan hannu ya ɗan koma baya kaɗan.

"Haɗa kan babban yatsa da manuniya, kamar za ki ɗauki gishiri. Yauwa. Kada ki matse. Tsaya haka."

Daga nan lokaci ƙalilan ne, 'yan mintoci, kafin robar ta sandare. Ta lulluɓa ta a gefen hannun, ta zagaye babban yatsan da ita, tana shafawa da tafin hannu da cikin yatsu, ba ta dannawa da kan yatsa ko sau ɗaya. Ɗalibin da ke tsaye a bayanta ta ce masa ya duba da kyau: duk inda kan yatsa ya danna, rami zai bari a waje, tudu a ciki, tudun nan kuwa shi zai ci fatar mai ita cikin dare. Ta naɗe bakin robar a ƙasa da gaɓar ƙarshe ta babban yatsan, yadda kansa zai iya lanƙwasawa. Ta naɗe ɗaya bakin a ƙasa da layin tafin hannu, yadda sauran yatsu huɗu za su dunƙule ba abin da ya tare su. A daidai tsinin ƙashin da ke gefen wuyan hannu ta ɗan turo robar waje ta bar sarari, saboda a nan ciwon yake, kuma a nan wata siririyar jijiyar ji take wucewa dab da fata. Idan aka matse ta, bayan yatsan ya riƙa zogi ko ya mutu. Kafin robar ta gama yin tauri ta sa maijego ta ɗan juya yatsan a ciki, ta zare, ta mayar. Gaɓar yatsa ta fi gindinta kauri, wanda bai yi wannan dabarar ba yana iya wayar gari ya ga robar ta ƙi fita.

Tsawonta ya kai kashi biyu cikin uku na sangalin hannu. Aka liƙa mata maɗauri uku irin mai mannewa na takalman yara, aka ce maijego ta koma benci ta zauna da ita minti 20.

Wannan zaman yana da dalili, kuma a nan ne ilimin littafi yake buƙatar gyara. Littattafan da ɗalibai ke karantawa suna cewa a cire robar a duba inda fata ta yi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa haka. Mutanen ɗakin sun koyi duba wasu alamun: inda fatar ta lotsa ba ta taso ba, inda ta ƙara duhu ko ta yi sheƙi, inda ta fi sauran wurin ɗumi idan an taɓa da bayan yatsa. Kuma suna tambaya, su sake tambaya, domin mutanenmu da kunya da kawaici, mace za ta ce "ba komai" alhali abin yana cin ta.

Da aka tabbatar ba inda take matsa, sai aka shiga abin da ni a ganina shi ne ainihin aikin.

"Likita, to alwala fa?"

"Ki cire, ki yi alwalarki a hankali, ki goge hannun ya bushe sarai, ki mayar. Wanka ma haka. Amma da ita za ki kwana, da ita za ki wuni, mako huɗu zuwa shida."

Wannan shi ne fifikon roba a kan ɗaurin siminti, wanda idan an sa sai ranar da za a fasa. Waɗanda aka yi wa tiyata aka hana su cirewa, su kuma ana tuna musu cewa malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri. Aka gargaɗe ta kada ta ajiye robar kusa da murhu, ko a rana, ko a gaban mota, domin zafin da ya tsara ta shi zai lalata ta, kuma zafin watan Afrilu a cikin rufaffiyar mota ya isa. Da ruwan sanyi da sabulu za ta riƙa wanke ta. Aka nuna mata wata hanyar ɗaukar yaro: hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawunsa, ɗaya a bayan wuyansa, tafin hannu a sama, babban yatsa a manne da sauran.

Sai shugabar ta juya ga tsohuwar.

"Hajiya, sauran aikin naki ne. Yarinyar nan ba za ta matse wanki ba, ba za ta ja guga ba, ba za ta tuƙa tuwo ba, sai hannun ya huce. In ba haka ba, kuɗin robar nan an zubar."

"In Allah ya yarda, 'yar nan. Akwai ƙannen mijin, za su yi."

Ba kowace maijego ke samun wannan amsar ba. Wata ita kaɗai ce a gidan, miji ya fita tun safe, yara uku suna jiran abinci. Irinta takan dawo bayan mako biyu da roba tsaf ba datti, alamar a jaka ta wuni. Ba a yi mata faɗa. Zama ake yi da ita a lissafa ayyukan wuninta ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne za ta iya da robar a hannu, wanne za ta sauya wa hanya, wanne maƙwabciya za ta iya kama mata. Robar da aka tsara daidai da ƙashi amma ba a tsara daidai da rayuwar mai ita ba, ba a sa ta, kuma wadda ba a sa ba ba ta warkar da kowa.

*

Maza matasa kuwa yawanci faɗuwa ce ke kawo su. Ɗan acaɓa ya zame a yashi, hannunsa a kan kambun babur, babban yatsan ya tanƙware waje. Ko mai tsaron gida a ƙwallo ya tare bugu da kan yatsa. Abin da ke tsinkewa ko ya saki shi ne jijiyar da ke ɗaure gaɓar tsakiya ta ɓangaren da ke fuskantar manuniya. A 1955 wani likita mai suna Campbell ya ga wannan rauni a hannun masu gadin dajin farauta a Sikotlan, waɗanda suka shekara suna karya wuyan zomaye tsakanin babban yatsa da manuniya har jijiyar ta saki. Idan yagewar ba ta kai ƙarshe ba, gajeriyar roba da ta tsaya a tafin hannu, ta bar wuyan hannu a sake, takan wadatar cikin mako huɗu zuwa shida. Amma a 1962 wani likita ɗan Suwidin, Bertil Stener, ya nuna cewa idan ta tsinke gaba ɗaya, bakinta yakan naɗe ya koma bayan wani faifan nama, ta yadda ba za ta taɓa haɗuwa da ƙashinta ba komai daɗewar ɗauri. Wannan sai tiyata. Shi ya sa mutanen ɗakin ba sa karɓar wanda ya shigo kai tsaye ya ce a yi masa roba. Sai likita ya duba, an ɗauki hoto, an san abin da ake ɗaurewa.

Matsalar ita ce da yawa ba sa zuwa sai bayan wata biyu ko uku. Sun fara zuwa wajen mai ɗori, an ja yatsan, an shafa magani, an jera kara an ɗaure tam. Ban ga amfanin zagin masu ɗori ba: suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, sun san sunan uban mutum, kuma karaya da yawa ta haɗu a hannunsu. Amma abubuwa biyu suna ɓata aikin wasunsu, kuma a ɗakin nan ake ganin sakamakon. Na ɗaya matsewa. Gaɓar da ta ji rauni kumbura take yi, idan ɗauri bai ba ta wuri ba jini ya tsaya, naman sangalin hannu ya mutu ya ƙanƙance, yatsu su ƙudundune har abada. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan tun 1881, kuma har yau yara suna rasa hannu ta wannan hanya. Na biyu yanayin da ake ɗaure yatsan. Idan aka manne babban yatsa a jikin tafin hannu aka bar shi makonni, fatar da naman da ke tsakaninsa da manuniya suna tsukewa. Ƙashi ya haɗu, amma mutum ba zai iya buɗe hannu ya kama kofi ba. Gyaran wannan yakan ci watanni, ana sauya roba kaɗan-kaɗan tana ƙara buɗe tsakanin.

Robar kanta daga waje ake shigo da ita, da dala. Samfura irin su Orfit na ƙasar Beljiyam da Aquaplast su ne sanannu, kuma duk lokacin da naira ta faɗi, falle ɗaya sai ya ƙara nisa da talaka. Saboda haka a ƙarƙashin teburin akwai kwali cike da ɓarɓashi: duk guntun da ya rage ana adana shi, domin abin da ya yi wa babba kaɗan zai ishi yatsan jariri. Wanda ciwonsa ya sauya ba a yanka masa sabuwa, tsohuwar ake mayarwa kasko a sake tsara ta. Idan roba ta ƙare ƙaf, ana komawa bandejin siminti, wanda likitan sojan Holan Antonius Mathijsen ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1850, a jera shi falle-falle a yi ƙoƙo da shi. Yana aiki, sai dai yana da nauyi, ba ya son ruwa, kuma ba ya daɗewa. Wasu wuraren har bututun roba na ruwan famfo suke tsagawa su gasa, amma shi zafin da yake buƙata ya fi ƙarfin fata, ba a tsara shi a jikin mutum kai tsaye, don haka ba ya zama daidai kamar na ainihi. Abin takaici ne a ce ƙasar da ke da masana'antun roba a Kano da Legas har yanzu tana jiran jirgi ya kawo mata wannan.

*

Lokacin sanyi benci yakan cika da iyaye mata riƙe da yara masu ƙuna. Yaro mai rarrafe ya dafa garwashin da aka hura don jin ɗumi, ko ya tsoma hannu a kunu, ko ruwan wanka ya kife masa. Ciwon yakan warke, iyaye su yi hamdala, sai bayan watanni a ga tabon yana jan babban yatsan cikin tafin hannu. Tabon ƙuna ba ya gama tsukewa da wuri, yakan shekara ko fiye yana ja. Duk tsawon wannan lokaci yaron yana buƙatar 'yar roba mai lanƙwasa da za ta zauna tsakanin babban yatsa da manuniya ta hana su haɗewa, musamman da dare, da rana kuma a sake shi ya yi wasa, domin wasan shi ne gashinsa. Yaro girma yake yi, saboda haka sai an riƙa dawowa ana buɗa ta. Yi wa ɗan shekara biyu roba aiki ne na mutum uku: uwa ta rungume, ɗalibi ya ɗauke masa hankali da waya, mai yi kuma ta gama kafin kukan ya kai ga fizge-fizge. Wani lokaci sai an jira ya yi barci a bayan uwarsa, a tsara a hannun da ke lilo.

Akwai kuma waɗanda ba sa kuka ko kaɗan, su ne aka fi jin tsoro a kansu. Cutar kuturta tana warkewa da magani, kuma kyauta ake ba da shi a duniya tun 1995, amma jijiyar da ta riga ta lalata ba lallai ta dawo ba. Idan ta taɓa jijiyar da ke juyo da babban yatsa, tudun naman da ke gindinsa ya zube, yatsan ya koma ya kwanta a jere da sauran, kamu ya tafi. Likitan nan Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga 1946, shi ya nuna cewa ba cutar ce ke cin yatsu kai tsaye ba, rashin jin zafi ne ke sa mutum ya yi ta raunata hannunsa bai sani ba, kuma shi ya yi fice wajen dasa jijiya daga wani yatsa don a dawo da kamu. Ga irin wannan mutum ana yin 'yar siririyar roba da ke riƙe yatsan a gaban sauran, ya iya ɗaukar cokali ko alƙalami. Sai dai ba zai ce ta yi zafi ba, ba zai ce tana matsa ba. Mai yi ce za ta ji a madadinsa: ta bar robar ta huce fiye da yadda ta saba, ta sa masa safa a ƙarƙashi, ta koya masa duba fatarsa da ido safe da yamma. Haka ake yi wa masu ciwon sukari da hannunsu ya mutu, da wasu masu shanyewar ɓarin jiki.

Na lura da wani abu a yadda ake karɓar waɗannan bayin Allah. Shugabar ba ta canja fuska, ba ta ja kujera baya. Hannun take kamawa da hannuwanta biyu, ta juya shi, ta tambayi mai shi sana'arsa, kamar yadda take yi wa kowa. Ɗalibai suna kallo, kuma ina ganin wannan darasin ya fi na almakashi wahalar samu a wani wurin.

Dab da azahar a ranar da nake ba da labari wani dattijo tela ya shigo, karo na biyu ke nan. Nasa ciwon na shekaru ne: guringuntsin gaɓar gindin babban yatsa ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. Mata da suka manyanta sun fi fama da shi, amma wanda ya shekara arba'in yana danna almakashi a shadda shi ma ba ya tsira. Wannan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. An yi masa gajeriyar roba marar kauri, milimita 1.6, wadda ta rungume gindin yatsan kaɗai ta bar wuyan hannu da kan yatsa a sake, don ya sa lokacin aiki da kuma daren da ciwon ya motsa. A zuwan farko an ce ya dawo da almakashinsa, ga shi kuwa ya zaro shi daga aljihun babbar riga, naɗe a ƙyalle.

"Baba, ya aka ji da ita?"

"Alhamdu lillahi 'yata, zogin dare ya ragu ƙwarai. Sai dai ba ta shiga kunnen almakashi. In zan yi yanka sai na cire, yankan kuwa shi ne ciwon."

"Sa ta, ka yanka mini wannan in gani."

Ta miƙa masa wani tsohon ƙyallen labule. Ya zura yatsa, bakin robar ya tokare ƙarfen, almakashin ya karkace. Ta ɗiga fensir a wurin, ta zare robar, ta tsoma bakin kawai a kasko, ta rage kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu, ta naɗe shi ya kwanta. Ya sake gwadawa. Ya shiga, amma ya ce yanzu ƙarfen yana cin bayan yatsan. Ta ɗauko wani guntu daga kwalin ƙarƙashin tebur, ta laushe shi, ta naɗa a kunnen almakashin kansa ya yi faɗi da santsi, ta sa ya riƙe har ya sandare daidai da yatsansa. Ya yanka ƙyallen daga wannan baki zuwa wancan, ya juya shi ya fitar da wuyan riga, bai tsaya ba.

Ta ce ya nemi wanda zai wasa masa almakashin, domin dakushewarsa tana ninka ƙarfin da yatsan ke sawa, ya kuma bar wa yaran shago yankan yadi mai kauri. Ta rubuta masa ranar dawowa bayan wata guda a bayan katinsa, ta ce idan robar ta fara matsa kafin nan kada ya jira ranar, kuma kada ya gyara ta da kansa a kan dutsen guga.